Waya Ta Iso Magarya, Saura Suna: Yadda Wasiƙar Imel Take Kaiwa Inda Aka Aike Ta

Abubuwa biyu sun faru a cikin ƴan shekarun nan waɗanda suka shafi duk mai aika wasiƙa ta intanet daga Magarya da Dungas.

Na farko labari ne mai daɗi: hanya ta ƙara faɗi. An binne igiyar sadarwa ta gilashi daga Damagaram, ta bi ta Magarya har zuwa iyakar Najeriya. Wannan reshe ne na wani babban aiki mai tsawon sama da kilomita 1,000, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa domin haɗa Nijar da Aljeriya da Chadi da Najeriya da Benin da Burkina Faso. An karɓi aikin shimfiɗar igiyar a watan Nuwamba na 2025. Kafin nan, a watan Maris na 2025, kamfanin Starlink ya fara sayar da intanet ta tauraron ɗan Adam a Nijar.

Na biyu ba a cika jin sa a rediyo ba: ƙofar shiga ta ƙara ƙunci. Tun daga watan Fabrairu na 2024, manyan kamfanonin da ke riƙe da akwatunan wasiƙun jama'a, wato Google mai Gmail da kuma Yahoo, suka tsaurara sharuɗɗan karɓar wasiƙa. Wasiƙar da ba ta zo da shaidar gidan da ta fito ba, ana iya jefa ta kwandon shara ko a mayar da ita. Kamfanin Microsoft ma ya bi sahu a watan Mayu na 2025.

Ma'anar haka ita ce samun intanet kaɗai bai isa ba. Sai sunan da kuke aika wasiƙa da shi ya zama naku, an rubuta shi daidai, an kuma tsara shi daidai. Wannan bayani zai nuna muku yadda abin yake, da tambayoyin da ya kamata ku yi wa wanda ke kula muku da kwamfuta.

Me ya sa batun ya shafe ku?

Wataƙila ku ce: "Mu da WhatsApp muke aiki, ina ruwanmu da imel?" Gaskiya ne, saƙon murya ya fi sauƙi, kuma ko wanda bai iya karatu ba yana amfani da shi. Amma takardar da ake son ajiyewa a matsayin hujja, yawanci ta imel ake neman ta. Takardar neman tallafi, rahoton kuɗi, yarjejeniyar ciniki, takardar neman gurbin karatu ko aiki, duk ta nan suke bi.

A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Magarya tana da mutane fiye da 570,000, gundumar Dungas kuma, wadda aka cire daga Magarya a 2011, tana da fiye da 350,000. Ƙananan hukumomi bakwai ne a Magarya, irin su Bande da Kwaya da Washa da Yekuwa. Huɗu kuma a Dungas, har da Dogo-Dogo da Malawa. Kowacce tana da ma'aikatar magajin gari da ɗakunan shan magani da makarantu. Akwai ƙungiyoyin manoman riɗi da na gyaɗa, da ƙungiyoyin mata masu sana'a da adashi. Idan ƙungiyarku ta aika takardar neman tallafi kwana biyu kafin cikar wa'adi, takardar ta faɗa kwandon shara ba tare da kowa ya gani ba, to an rasa tallafin wannan shekara ke nan. Abin takaici kuma, mai aikawa zai ɗauka an ƙi shi ne, alhali ba a ma karanta takardarsa ba.

Adireshin imel kashi biyu ne

Ku dubi wannan misali da muka ƙirƙira domin koyo: sakatare@misali.ne

A tsakiya akwai alamar @. Wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Ray Tomlinson, shi ya fara amfani da ita a wannan aiki a 1971. Abin da ke hagunta shi ne sunan mai akwatin, a nan "sakatare". Abin da ke damanta shi ne sunan gidan da akwatin yake, a nan "misali.ne". Wannan sunan gida shi ne masana ke kira domen.

Kamar dai ku ce wa direba: "Ka kai wa sakatare, gidan wane, a gari kaza." Mutum ɗaya a cikin gida yana iya tashi a sa wani a ɗakinsa, gida yana nan. Amma idan gidan ya fita daga hannunku, duk ɗakunan sun tafi tare da shi.

Idan adireshinku ya ƙare da gmail.com ko yahoo.fr, to kuna zaune ne a gidan kamfani, kuma dokar mai gida za ku bi. Idan kuwa ƙungiyarku ta yi rajistar nata sunan, tana iya buɗe akwatuna da yawa a ƙarƙashinsa: na shugaba, na sakatare, na ma'aji.

Haruffa biyu na Nijar

Haruffan da ke ƙarshen suna, bayan ɗigo, suna nuna unguwar da gidan yake. Wasu unguwannin na kowa da kowa ne, kamar .com da .org da .net. Kowace ƙasa kuma tana da nata haruffa biyu. Na Nijar .ne ne, an ba ta su a 1996, aka damƙa riƙonsu ga kamfanin sadarwa na ƙasa, SONITEL. Waɗanda suka yi aikin ofis a Yamai ko Damagaram a shekarun farko za su tuna adireshin da ke ƙarewa da intnet.ne. A 2016 ne aka haɗe SONITEL da SahelCom suka zama Niger Telecom. Ma'aikatun gwamnati da dama suna amfani da sunaye masu ƙarewa da gouv.ne.

Na Najeriya kuwa .ng ne. Ku da ke zaune a bakin iyaka, kuna ciniki da Maigatari da Babura da Daura, dole ku riƙa lura da wannan bambanci. Haka nan .ne da .net: harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma misali.ne da misali.net gidaje biyu ne daban, kuma masu su na iya zama mutanen da ba su taɓa sanin juna ba. Wasu wayoyin salula suna ƙarasa wa mutum rubutu da kansu, don haka ku sake karanta adireshi kafin ku danna aikawa.

Kada ku raina harafi ɗaya. Haruffan ƙasar Mali .ml ne, na rundunar sojan Amurka kuma .mil ne. A watan Yuli na 2023 jaridar Financial Times ta ba da labarin cewa an shafe shekaru wasiƙun da aka nufi sojojin Amurka da su suna faɗawa a sunayen Mali, saboda masu rubutu suna mance harafin "i". Wani ɗan kasuwa ɗan ƙasar Holan, Johannes Zuurbier, wanda yake kula da sunayen Mali a kan kwangila a lokacin, ya tattara irin waɗannan wasiƙu kusan 117,000 daga watan Janairu na shekarar kawai. A cikinsu akwai bayanan lafiyar mutane da tsarin tafiye-tafiyen manyan jami'ai. Idan haka ta faru da ƙasa mai ƙarfi kamar Amurka, ƙaramin ofis ya fi cancanta ya yi hattara.

Yadda wasiƙa take tafiya

Idan kun danna aikawa, wasiƙa ba ta tashi kai tsaye daga wayarku zuwa wayar abokinku ba. Tana bi ta hannun wasu manyan kwamfutoci da ba a kashe su dare da rana. Irin wannan kwamfuta ita ake kira sabar. Ku ɗauke ta kamar gidan waya. Ga matakan:

1. Wayarku tana miƙa wasiƙar ga sabar da ke riƙe da akwatinku.
2. Sabar ɗin tana duba sunan gidan da ke bayan alamar @.
3. Sai ta tambayi babban kundin sunaye na intanet, wanda ake kira DNS: "Wace sabar ce ke karɓar wasiƙun wannan gida?"
4. Amsar tana rubuce a wani layi na kundin da ake kira MX. Mai suna ne ke rubuta wannan layi, ko wanda ya wakilta.
5. Sabar mai aikawa ta ƙwanƙwasa ƙofar sabar mai karɓa, ta miƙa wasiƙar.
6. Sabar mai karɓa ta bincika wasiƙar, sannan ta sa ta a akwati, ko a kwandon shara, ko ta ƙi karɓa.

Duk wannan yakan ƙare cikin ƴan daƙiƙoƙi. Idan aka tarar da ƙofa a rufe, sabar mai aikawa takan ajiye wasiƙar ta riƙa sake gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar, daga nan ta mayar wa mai ita da sanarwar cewa ba ta kai ba. Idan kuka ga irin wannan sanarwa, kada ku share ta. A cikinta ne dalilin yake, kuma ita ce ma'aikacin kwamfuta zai fara nema.

Idan aka yi kuskure a layin MX, wasiƙun da ake aiko muku ba za su san ƙofar da za su bi ba. Hakan yakan faru ne musamman lokacin da aka ƙaura daga wani kamfani zuwa wani. Gyaran da aka yi a kundin sunaye kuma yakan ɗauki sa'o'i, wani lokaci har kwana biyu, kafin ya game duniya. Saboda haka ba a yin ƙaura a makon da ake jiran muhimmiyar amsa.

Shaidu uku da ake nema yanzu

An tsara ƙa'idar aika imel a 1982, lokacin da masu amfani da ita ƴan kaɗan ne kuma sun yarda da juna. Ba a tanadi hanyar tantance mai aikawa ba. Kamar ambulan ne: kowa yana iya rubuta sunan wani a bayanta. Da mazambata suka gane haka, sai suka cika duniya da wasiƙun ƙarya. Domin toshe wannan ɓaraka aka fito da shaidu uku, kuma dukkansu a kundin sunaye ake rubuta su, kusa da layin MX.

SPF shi ne jerin ƴan aiken da mai gida ya amince da su. Kuna sanar da duniya cewa: "Sabar kaza da kaza ne kaɗai ke da izinin aika wasiƙa da sunanmu."

DKIM hatimi ne na sirri da sabar ɗinku ke bugawa a kan kowace wasiƙa. Mai karɓa yana gwada hatimin da abin da ke cikin kundi. Idan an taɓa wasiƙar a hanya, hatimin ba zai yi daidai ba.

DMARC umarnin mai gida ne: "Idan wasiƙa ta zo da sunanmu ba ta cika shaidun nan ba, ku yi kaza da ita." Zaɓi uku ne: a bar ta ta wuce a sanar da ku, ko a sa ta a kwandon shara, ko a ƙi ta gaba ɗaya.

Shekaru da yawa waɗannan shaidu na ganin dama ne. A watan Oktoba na 2023 Google da Yahoo suka ba da sanarwar cewa daga Fabrairun 2024 za su zama sharaɗi. A Gmail, duk mai aikawa daga sunan gidansa dole ya cika aƙalla ɗaya daga cikin biyun farko. Mai aika wasiƙu 5,000 ko fiye a rana kuwa dole ya cika duka ukun.

Ƙaramin ofis a Dungas ba ya aika wasiƙu 5,000 a rana, amma sharaɗin farko ya hau kansa. Wanda abin ya fi shafa shi ne ofishin da aka buɗe wa suna shekaru goma da suka wuce, wanda ya buɗe ya tafi, ba a sake duba kundin ba. Wasiƙunsa sun kasance suna shiga lafiya, yanzu kuma ana iya tare su a ƙofa ba tare da ya canza komai ba. Wanda ke amfani da adireshin Gmail ko Yahoo na kyauta ba shi da wannan aiki, domin kamfanin ya riga ya yi masa. Nasa haɗarin daban ne, za mu zo kansa.

Akwai abin lura a nan. Ba wata majalisar ƙasashe ce ta kafa waɗannan sharuɗɗa ba, kamfanoni ne ƴan ƙalilan. Amma tun da yawancin mutanen da kuke rubuta wa a gidajensu suke zaune, sharaɗinsu ya zama doka ga kowa. Amfaninsa shi ne an rage wa mai zamba damar aron sunanku. Nauyinsa kuma ya fi faɗa wa wuraren da masana kwamfuta suka yi ƙaranci.

A ina ya kamata sabar ta zauna?

Da igiyar gilashi ta iso, wani zai ce: "Mu sayi kwamfuta mu ajiye a ofis, ta zama gidan wayarmu." Kafin ku yarda, ku auna abubuwa uku.

Na farko wuta. Sabar tana buƙatar lantarki ba yankewa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Ba a maido ta ba sai bayan da ƙungiyar ECOWAS ta janye takunkumi a Fabrairun 2024. Hasken rana da batura suna taimakawa, amma su ma kuɗi ne da kulawa, ga zafi ga ƙura.

Na biyu hanya. Igiyar ta bi layin Damagaram zuwa Magarya zuwa iyaka ne. Garuruwan da ke nesa da layin ta turakun salula suke samun intanet. Ita ma babbar hanya takan yanke. Ranar 14 ga Maris 2024, igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da Nijar, duk da ba ta da teku.

Na uku lamba. Kowace sabar tana da lambar da ake gane ta da ita a intanet. Sabar wasiƙa tana buƙatar lambar da ba ta canzawa, wadda aka rubuta da sunanta a kundi. Intanet na salula da ƙaramin tsarin tauraron ɗan Adam yawanci lambar haɗaka suke bayarwa, mutane da yawa a kan lamba ɗaya, kuma manyan kamfanoni ba sa amincewa da wasiƙar da ta fito daga irin wannan lamba.

Saboda haka, ga yawancin ƙungiyoyi da ƙananan ofisoshi, abin da ya fi sauƙi shi ne su mallaki sunan, su yi hayar akwatuna a wurin kamfanin da sana'arsa ke nan. Wannan ma yana da nasa nauyi. Idan kamfanin yana ƙasar waje, da kuɗin waje za a biya, kuma takardunku suna kwance ƙarƙashin dokar wata ƙasa. Ga ofishin da ke riƙe da sunayen marasa lafiya ko takardun haihuwa, wannan ba ƙaramin batu ba ne. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke sa ido a kai. A cikin aikin igiyar gilashin ma an sa gina babbar cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai, domin a samu wurin ajiye irin waɗannan takardu a cikin gida. Ma'aikatar gwamnati ta fara tuntuɓar hukumar da ke samanta kafin ta ɗauki hayar wani wuri.

Sunan na wane ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma ba ta buƙatar ilimin kwamfuta.

A ofisoshi da ƙungiyoyi da yawa, adireshin da ake aiki da shi na mutum ɗaya ne: ya buɗe shi da sunansa, da lambar wayarsa, kalmar sirri tana kansa. Ranar da aka canza masa wurin aiki, ko aka yi saɓani, ko ya rasu, wasiƙun shekaru sun tafi. Shugabanci kuwa yana canzawa. A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi a duk faɗin Nijar, aka naɗa kantomomi. A irin wannan rana ana miƙa makullai da hatimi da littattafan kuɗi. Ya kamata akwatin imel ya shiga cikin kayan da ake miƙawa, amma hakan ba ya yiwuwa idan akwatin na mutum ne ba na ofis ba.

Ga wasu hanyoyin da ake rasa adireshi:

Layin waya. Idan kun mance kalmar sirri, ta lambar waya ake aiko muku da lambar buɗewa. Mazauna iyaka da yawa suna riƙe da layi biyu, na Nijar da na Najeriya. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani yakan rufe shi ya sayar wa wani. A 2024 an rufe layuka masu yawa a Najeriya saboda ba a haɗa su da lambar katin ɗan ƙasa ba. Idan akwatinku yana ɗaure da layin da ya mutu, buɗe shi zai yi wuya.

Barin akwati. Tun daga Disamban 2023, Google yana da ikon share akwatin mutum da aka shekara biyu ba a shiga ba. Akwatin da ya cika kuma ba ya karɓar sabuwar wasiƙa.

Ƙarewar wa'adi. Sunan gida ba a sayen sa har abada. Haya ce da ake sabuntawa, galibi shekara-shekara. Idan wa'adi ya wuce ba a biya ba, wasiƙu su tsaya. Bayan ɗan lokacin jira, kowa yana iya yin rajistar sunan, kuma wasiƙun da aka aiko muku su riƙa faɗawa hannunsa.

Sunan aro. Wani aikin raya ƙasa yakan buɗe wa ƙungiya akwati a ƙarƙashin sunansa. Aiki yana da wa'adi. Idan ya tashi, akwatin ya rufe. Kayan aro ba ya rufe katara.

Sunan kyauta. Shekaru da dama wani kamfani mai suna Freenom yana raba sunaye kyauta masu ƙarewa da haruffan wasu ƙasashe, har da Mali da Gabon. A 2023 ƙasashen biyu suka karɓe riƙon haruffansu, Gabon ta share miliyoyin sunaye, kamfanin kuma ya daina wannan sana'a a 2024. Araha ba ta ado.

Kun san darajar takardar gona da hukumar kula da filaye ke bayarwa. Gonar da ba ta da takarda, wata rana rigima ce. Sunan gida a intanet ma haka yake: a rubuta shi da sunan ƙungiya, a ajiye takardarsa.

Hattara da mazambata

Ko an cika shaidu uku, mai zamba yana da wata dabara: ya yi rajistar suna mai kama da na wanda kuka sani, ya canza harafi ɗaya. Sai ya rubuto muku kamar shi ne mai sayen riɗinku ko mai kawo muku taki, ya ce: "Mun canza asusun banki, ku tura kuɗin a wannan sabuwar lamba, da gaggawa." Hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta ce ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa a kan irin wannan zamba a 2023 sun kai asarar dala biliyan 2.9. Maganinta ba ya cin ko dala ɗaya: duk wasiƙar da ta zo da canjin asusu ko neman kuɗi da gaggawa, ku kira mutumin a lambar da kuka riga kuka sani, ba wadda ke cikin wasiƙar ba. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, amma kuɗin da ya tsallaka iyaka da wuya ya dawo.

Abin da za ku yi

1. Ku buɗe adireshin aiki da sunan muƙami ko na ƙungiya, ba da sunan mutum ba.
2. Mutum biyu amintattu su san kalmar sirri. A rubuta ta a rufe a ambulan, a ajiye tare da hatimi. A canza ta duk lokacin da ɗayansu ya bar aiki.
3. Ku ɗaura akwatin da layin waya na ƙungiya, ku riƙa sa masa kuɗi don kada ya mutu.
4. Idan kuna da sunan gida naku, ku rubuta ranar ƙarewar wa'adinsa a littafin ƙungiya, ku sa kuɗinsa a kasafin shekara, ku biya wata guda kafin ranar.
5. Ku riƙa leƙa kwandon shara na akwatinku kowane mako. Wasiƙar kirki takan faɗa ciki.
6. Idan kun aika muhimmiyar takarda, ku nemi amsar cewa ta iso. Idan shiru ya yi yawa, ku kira.
7. Takardu masu muhimmanci, ku buga su a takarda ko ku ajiye su a wuri na biyu.

Idan kun ɗauki ma'aikacin kwamfuta, ku yi masa waɗannan tambayoyi, ya ba ku amsa a rubuce:

Da sunan wa aka yi rajistar sunan gidanmu, kuma a wane kamfani?
Wa ke da kalmar sirrin shiga kundin sunaye?
Layin MX yana nuna wace sabar, kuma a wace ƙasa take?
An rubuta SPF da DKIM da DMARC?
Yaushe wa'adi zai ƙare, kuma nawa ne kuɗin sabuntawa?

Daga nan ku yi gwaji a gabansa: ku aika wasiƙa zuwa wani akwatin Gmail da wani na Yahoo, ku ga ko ta shiga akwati ko kwandon shara, sannan a amso muku ku ga ko amsar ta dawo. Ma'aikaci nagari ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Matambayi ba ya ɓata.

Domin tattaunawa a aji

Wane adireshi ƙungiyarku take amfani da shi, kuma wa ya buɗe shi? Idan wannan mutum ya yi tafiya gobe, wa zai iya buɗe akwatin? Ku rubuta .ne da .net da .ng a allo, kowa ya faɗi bambancinsu.

Gwamnati da bankuna sun kashe kuɗi mai yawa wajen kawo igiya har Magarya. Abin da ya rage, wato riƙe suna da kula da shi, aikin kowane ofis ne da kowace ƙungiya, kuma mai iya karatu da rubutu yana iya sa ido a kansa. A taronku na gaba, ku sa wannan batu cikin abubuwan da za a tattauna.